Almakashin Tela da Aikin da Ido Ba Ya Gani

Idan azumi ya shiga goman ƙarshe, telolin Kasuwar Kongo da na lungunan New Bell ba su da dare. Keke na kuka har sahur, in wuta ta ɗauke a koma kan na ƙafa, shadda da atamfa da leshi jibge a kan benci, kowane ƙulli da sunan mai shi a jikin 'yar takarda. A irin wannan lokaci ne mutum yake dawowa kwana uku bayan ya kawo yadinsa, ya yi sallama, ya ce, "Malam, wani wuya na gani a jikin wani bawan Allah ranar Juma'a, ya burge ni. A mayar mini da nawa haka."

Tela ba ya gardama. Hannu yake miƙawa ya jawo ƙullin ya kwance. Idan yadin yana nan ba a taɓa ba, sai ya ce, "To Alhaji, ana iya yi, sai dai wannan ya fi wancan cin zare da lokaci. Za ka ƙara kaza, kuma ba za ka samu ba sai daren Sallah." Idan kuwa almakashi ya riga ya ratsa, sai ya shimfiɗa gaba da baya da hannuwa a kan tebur, ya ce, "Ga shi, an yanka." Nan magana take tsayawa. Mai kaya ya gani da idonsa, ya san ko dai ya haƙura da wuyan farko ko ya koma cikin kasuwa ya sayo wani yadin. Ba ya cewa an raina shi, ba ya kai ƙara wurin kowa.

Abin lura a nan shi ne su biyun abu ɗaya suke kallo. Mai kaya bai iya ɗinki ba, amma ya san yadi nawa ya sayo, ya san abin da aka yanke ba ya komawa, ya san zaren aiki da kuɗi ake sayensa. Iyakar aikin tana shimfiɗe a gabansu, kowa na iya kai hannu ya taɓa. Shi ya sa duk ƙorafin da ake yi wa teloli na saɓa alkawarin rana, cinikinsu bai cika raba zumunci ba.

Na kawo wannan ne saboda wata sana'a da ta shigo unguwanninmu na Duwala, wadda ba ta da yadi ba ta da almakashi. 'Ya'yan mahauta da masu tsire da dillalan shanu da masu shagunan atamfa, wasu sun yi karatu a Jami'ar Duwala, wasu sun koya da kansu a kan waya da tsohuwar kwamfuta, yanzu suna haɗa manhaja da shafukan intanet. Ba su da ofis a Akwa ko Bonanjo, ba su da albashi. Jinga suke ɗauka daga hannu zuwa hannu: manhajar lissafin kayan shago, ta rubuta kuɗin makarantar Islamiyya, ta yankar tikitin motocin Arewa, shafin mai kai mutane aikin Hajji. Sana'a ce mai kyau, ina kuma son in ga ta zauna da gindinta a hannun yaranmu. Abin da na ga ya fi durƙusar da ita kuwa wata magana ce da ake faɗa cikin fara'a, babu mugun nufi: "ɗan ƙara mini."

A ce wani alhaji ne mai sarin atamfa da shadda, wasu kayansa daga Kantin Kwari na Kano suke zuwa, wasu ta tashar jiragen ruwa. Littafin bashinsa ya yi kauri, yaran shago suna rikita lissafi, sai ya kira ɗan abokinsa da aka ce ya iya kwamfuta. Suka zauna a ƙofar shago bayan La'asar. Abin da yake so ba shi da yawa: a san abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda ake bi bashi. Aka yi jinga a kan sefa 300,000, wata guda, aka ba da kafin alƙalami. Ba a rubuta komai ba, don tsakanin ɗa da uba ne.

Mako biyu da farawa yaro ya kawo abin da ya yi a gani. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya sa albarka, sannan ya ce, "Ɗana, ɗan ƙara mini naira mana, tunda da ita nake sayo kayan Kano." A kunnen Alhaji wannan bai wuce a rubuta kalma ɗaya a gefen lamba ba. A cikin aikin kuwa tushe aka taɓa. An gina rumbun bayanan ne a kan kuɗi iri ɗaya, kuma kowane rasit da kowace jimla da rahoton ƙarshen wata a kan haka suka dogara. Da yuro ma ya ce da sauƙi, don sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da Babban Bankin Najeriya ya sake ta a watan Yunin 2023 farashinta bai zauna wuri ɗaya ba. Wanne za a ɗauka, na banki ko na 'yan canji? Na ranar da aka sayi kaya ko na ranar da aka biya? Wa zai riƙa shigar da shi kowace safiya? Bashin da aka ci bara da naira, yau nawa yake a sefa, kuma ribar da ta narke a tsakani a wane shafi za ta fito? Kowace tambaya a nan kwanaki ce na aiki da gwaji. Yaro ya san haka sarai. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To Baba, ba komai."

Bayan 'yan kwanaki ƙanen Alhaji da ke riƙe da shagon Garwa ya ji labari, ya ce shi ma a haɗa da shi. Manhajar da aka yi don kwamfuta ɗaya a shago ɗaya yanzu za ta riƙa magana da wata da ke can, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota. Sai an kama hayar ma'ajiya a intanet ana biya duk wata, sai kowa ya samu mabuɗinsa da iyakar abin da zai gani, sai kuma an warware abin da zai faru ranar da layi ya katse: Garwa ta sayar da dilar ƙarshe da ke sito, Duwala ma ta sayar da ita, kowane mai saye da rasit a hannu. Daga nan sai a ce mutane su riƙa biya kai tsaye ta Orange Money da MTN Mobile Money, abin da sai kamfanin ya buɗe wa Alhaji asusun 'yan kasuwa ya duba takardunsa, kuma ba yaro ne ke da ikon gaggauta su ba. Sai a ce rasit ya fito da Larabci saboda baƙin Chadi, rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu ya juya tsarin kowane shafi. Babu ɗaya cikin buƙatun nan da ta zama wauta. Duk buƙatun ɗan kasuwa ne na gaskiya. Sai dai in an tara su, aiki ne daban da wanda aka yi jingarsa bayan La'asar ɗin nan.

Me ya sa yaro yake cewa to? Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce rashin wayo ne. Kunya ce, kuma kunya abin yabo ce a wurinmu. Mutumin nan sahu ɗaya yake da mahaifinsa a masallaci, wataƙila a gabansa aka raɗa masa suna. An tarbiyyantar da shi kada ya haɗa ido da babba, balle ya buɗe baki ya ce sai an ƙara kuɗi. Ga kuma lissafin gobe. Unguwar Hausawa ba ta da faɗi ta fuskar magana. Abin da aka faɗa a majalisa bayan Magariba, kafin Isha'i ya kai Nkololoun, gobe ya tsallaka gada ya kai Bonaberi. Yana tsoron a ce yaron nan idonsa a kan kuɗi yake, ƙofofin da yake sa rai su rufe.

Wata guda ya zama huɗu. Kafin alƙalami ya daɗe da ƙarewa a data da kuɗin babur da hayar ma'ajiya. Yaro ya karɓi wata jingar a ɓoye don ya ci abinci, aikin Alhaji ya koma na tsakar dare. Ƙarar waya ta fara faɗar masa da gaba: yau ya ce yana hanya, gobe ya kashe ta, jibi ya sauya masallaci. Kunyar da ta hana shi faɗin gaskiya rana ɗaya ita ta jefa shi cikin ƙarya wata uku. Alhaji yana cewa yaran zamani ba amana, yaro yana cewa manya sun saba cin gumin na ƙasa, kuma kowannensu har zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa.

Ni a ganina nauyin ya fi karkata kan mai haɗa manhajar, domin shi kaɗai ke ganin abin da aka yanka da abin da ya rage. Alhaji ya tambaya, aka ce masa ba komai, ya ɗauka ba komai ɗin ne. Da an ce masa ƙarin nan zai ci kwana goma da sefa kaza, mutumin da ya shekara talatin yana auna riba da faɗuwa zai san abin da zai yi da wannan labari. An ɓoye masa farashi, aka hana shi zaɓi, daga baya kuma aka riƙe shi a zuci. Wannan ba girmamawa ba ce, ko da kuwa da sunkuyar da kai aka yi ta. Tunda aikin ba shi da yadin da za a shimfiɗa a tebur, wajibin mai sana'a ne ya samar da abin da zai tsaya a madadinsa.

Kada a ɗauka ina cewa mai ba da aiki ba shi da haƙƙin sauya ra'ayi. Yana da shi, kuma lalle sai ya sauya, domin mutum ba ya sanin abin da yake so daga manhaja sai ya riƙe ta a hannu. Ba halin 'yan kasuwarmu ba ne kaɗai. Hukumar FBI ta Amurka, da duk ƙwararrunta da lauyoyinta, ta yi watsi da manhajar adana bayanan bincike da ake kira Virtual Case File a 2005, bayan ta lashe kusan dala miliyan 170, kuma cikin manyan dalilan da masu bin diddigi suka kawo akwai rashin tsayar da abin da ake so tun farko da yawan sauye-sauye ana tsakiyar aiki. Tun a 1981 Barry Boehm ya nuna a littafinsa kan tsadar aikin manhaja cewa kuskuren da aka kama ana cikin tsarawa ya fi araha nesa ba kusa ba a kan wanda aka kama bayan an fara amfani da ita. Hausawa sun riga shi: tun ran gini tun ran zane.

Masu sana'ar su 17 da suka taru a Snowbird ta jihar Utah a watan Fabrairun 2001 suka fitar da sanarwar da ake kira Agile, matsayarsu ita ce a karɓi sauyi ko da ya zo a makare, a kuma riƙa miƙa aiki kashi-kashi mai shi yana gani. Wasu matasa rabin maganar suka ji, suka ɗauka a riƙa cewa to ga komai ake nufi. Masu aiki da tsarin kuwa sun san lokaci mudu ne mai baki: in wani abu ya shiga, dole wani ya fita ko ya jira layinsa.

Saboda haka abin farko takarda ce da biro, kafin a kunna kwamfuta. A zana kowane shafi yadda zai bayyana a waya, ko da zanen bai yi kyau ba. A kira yaron shago, wanda shi ne zai wuni yana dannawa, a ce masa: ga mai saye ya ɗauki turmi biyar, ya biya rabi, ya ce sauran sai ran Litinin, ina za ka taɓa? Ya dawo da turmi ɗaya ya ce launin bai yi masa ba, ina za ka taɓa? A irin wannan zaman ne maganar naira za ta fito, a nan ne wani zai tuna da shagon Garwa, a lokacin da sauyi bai wuce a yage takarda a zana wata ba. Sannan a rubuta abin da aikin ya ƙunsa, kuma, abin da ya fi wannan muhimmanci, a rubuta abin da bai ƙunsa ba: shago ɗaya, sefa kawai, Faransanci kawai, babu biya ta waya. Matasa suna jin nauyin rubuta wannan ɓangaren don gani suke kamar tallar gazawarsu ce. Alhali shi ne zai cece su.

A raba aikin gida uku ko huɗu, kowane kashi da abin da za a gani da ido, da ranarsa, da kuɗinsa. In an kawo kashin farko mai aiki ya gwada ya ce na karɓa, ya biya, to wannan an yanka ke nan. Ana iya komawa kansa, amma da sabon ciniki. Wannan ya kare kowa: in an rabu a tsakiya, Alhaji yana da abin da ke aiki daidai kuɗin da ya fitar, yaro kuma ba ya bin bashin wata huɗu.

Yadda za a faɗi maganar shi ne ya fi ba yaranmu tsoro, alhali harshenmu ya tanadi hanya. Babu inda aka ce a ce wa babba a'a. "Baba, ana iya yi, kuma shawara ce mai kyau. Sai dai zai ci kwana goma, kuɗinsa kaza, kuma zai tura ranar farawa bayan Sallah. Ko mu sa shi yanzu mu ɗage rahoton wata-wata, ko mu gama wanda muke kai ka fara mora, wannan mu rubuta shi cikin na zagaye na biyu. Wanne ka fi so?" Babu rashin ladabi ko ɗaya a nan. An durƙusa, an gaishe shi, an kuma mayar masa da hukunci hannunsa, inda ya dace ya zauna. Sau da yawa in ɗan kasuwa ya ji farashi da kansa yake cewa a bari tukuna, don ya gane abin sha'awa ne, ba buƙata ba. Wanda kuma yake buƙatar gaske zai biya ba tare da ɓacin rai ba. In ba a iya ba da amsa nan take ba, "bari in auna, gobe in kawo maka lissafi" ta fi "ba komai" sau dubu.

Wani lokaci Alhaji zai ce, "To ka ɗauko wani yaro ya taya ka mana, ni zan biya." Niyya ce mai kyau, amma Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya bayyana tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi, don sai an tsaya an koya wa sabon zuwa inda aka kwana. Wannan ma ya kamata a faɗa masa a fili.

Akwai masu ganin kawo takarda tsakanin Musulmi da Musulmi alamar rashin yarda ce. Wannan fahimta ba daga addini ta zo ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cinikin abin da ba a ƙera ba tukuna, wanda suke kira istisna'i; Hanafiyya suka ba shi babi nasa, Malikiyyarmu suka fi duba shi a ƙarƙashin cinikin salam, amma duka sun haɗu a kan cewa sai an siffanta abin da za a yi yadda jayayya ba za ta taso ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tsayar da cewa irin wannan ƙulli yana ɗaure ɓangarorin biyu idan an bayyana nau'i da yawa da siffa da wa'adi, kuma ya halatta a biya kuɗin kashi-kashi. Jingar da aka ce "ka yi mini manhajar shago" aka tashi, ba a san farkonta ba a san ƙarshenta ba, ita ce ta fi kusa da gararin da shari'a ta hana.

Dokar ƙasa ma ta san matsalar. Kundin dokar mu'amala na Faransa na 1804, wanda yankin masu Faransanci na Kamaru ya gada, ya ce a sashe na 1793 maginin da ya ɗauki gini a kan dunƙulallen farashi ba shi da ikon neman ƙari saboda sauye-sauyen da aka yi wa tsari, sai in mai gini ya amince da su a rubuce kuma an daidaita kuɗinsu. Sashen na gini ne, ba na manhaja ba, amma ya nuna inda hankalin alƙali yake karkata: wanda ya yi ƙarin aiki a kan maganar baki, shi ke da wahalar kawo hujja.

Rubutun kuma ba sai ya zama shafi ashirin na Faransancin lauyoyi ba. Da yawa cikin iyayenmu Hausa da Fulatanci suke ciniki da su, karatunsu na allo ne, amma kowa yana da WhatsApp kuma kowa ya iya saƙon murya. Bayan kowane zama, yaro ya aika saƙo da Hausa: "Baba, abin da muka tsayar yau shi ne kaza da kaza, kuɗi kaza, rana kaza. In haka ne ka amsa mini." Ya bi shi da rubutu, ya adana amsar. A sa babban ɗan Alhaji ko amintaccen yaron shago ya zama shaida. A kuma tsayar tun farko bakin wa ake ji. Inda Alhaji ke faɗa, ɗansa ke faɗa, ƙanensa na Garwa ke bugo waya da dare, mai riƙe da kuɗi shi ma yana da nasa ra'ayi, to aikin ba zai ƙare ba. Kowa ya kawo shawara, amma mutum ɗaya ne zai ce a yi, kuma shi ne mai biya.

Na san takarda ita kaɗai ba ta kare mai rauni daga mai ƙarfi, kuma mazaunin New Bell ya fi kowa sanin haka, don ƙasar da yake takawa shaida ce. Ranar 12 ga Yulin 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da kamfanonin Jamus, aka rubuta cewa gonakinsu da filayen garuruwansu suna nan a hannunsu. Daga 1910 Jamusawa suka ɗaura niyyar kwashe su daga bakin kogin Wouri su mayar da su can ciki, wurin da ya zama New Bell. Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya a kan abin da aka rubuta, ya kai kuka har majalisar dokokin Jamus, aka rataye shi tare da Ngoso Din ranar 8 ga Agustan 1914. Daga baya baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu, suka cika unguwar. Rubutun bai hana zalunci ba, amma saboda shi har yau babu mai shakkar wanda ya warware alkawari. Tsakanin wannan babban al'amari da jingar shago akwai nisa ƙwarai. Mafi yawan masu ba yaranmu aiki ba azzalumai ba ne, mutane ne masu tsoron Allah waɗanda mantuwa ke kamawa kamar kowa, irinsu kuwa a kunna musu muryarsu ta watan jiya ya wadatar.

Sai dai adalci hanya biyu yake bi. Ba kowane kira daga Alhaji ne sabuwar buƙata ba. In jimla ta fito ba daidai ba, in rasit ya cinye sunan mai saye saboda akwai ƙ ko ɗ a ciki, in manhajar ta tsaya da zarar bashi ya kai mutum ɗari biyu, wannan aibin aiki ne, gyaransa kuma kyauta ne, da gaggawa, ba tare da ɗaure fuska ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matashin da ke sanya wa kuskurensa rigar "ƙarin aiki" don ya san mai shi ba zai gane ba, ha'inci yake yi, kuma shi ne ke ɓata wa sauran suna. Haka nan 'yan ƙananan abubuwa, sauya launi, ƙara girman rubutu don idon dattijo, a yi su a matsayin gyara irin na kasuwa, amma a faɗa cewa gyara ne, don a san inda kyauta ta tsaya.

Akwai kuma sauyin da ba daga Alhaji ba, ba daga yaro ba. A watan Nuwamban 2014 lambobin wayar Kamaru suka tashi daga takwas zuwa tara, duk manhajar da aka ƙayyade wa takwas ta ƙi karɓar sababbi. A Janairun 2022 aka fara cire harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cire kuɗi ta waya, lissafi da yawa ya buƙaci taɓawa. Daga 17 ga Janairu zuwa 20 ga Afrilun 2017 aka katse intanet a yankunan masu Turancin Ingilishi, masu haɗa manhaja na Buea suka riƙa gangarowa wajen Duwala don su samu layin da za su miƙa aikin mutane. A 14 ga Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashe da dama har da Kamaru suka wuni cikin wahalar layi. Irin wannan zai sake zuwa, ba a san da wace fuska ba. Shi ya sa tun ranar jinga ya kamata a yi maganar kuɗin kulawa na wata-wata ko na shekara, da abin da ya ƙunsa, don manhaja ba a gama ta a manta.

Ita kanta gamawar sai an yi mata suna. A ce: za a shigar da littafin bashi na gaske, a yi mako biyu ana aiki da manhaja da littafi gefe da gefe, in lissafinsu ya zo ɗaya an gama, a biya cikon kuɗi. Ranar nan yaro ya miƙa dukkan mabuɗai, sunan shafin da asusun ma'ajiya su kasance da sunan mai kuɗi, ba da nasa ba. Riƙe kalmar sirri a matsayin garkuwa don a tilasta biya, ko kashe wa mutum manhaja ana tsakiyar kasuwa, ba hanyar karɓar haƙƙi ba ce. Bayanan da ke ciki amanar mutane ce, sunayen masu bashi ne da sirrin gidajensu.

Ga iyayenmu 'yan kasuwa kuma, in yaro ya zo da takarda ya ce Baba mu rubuta, ko ya ce wannan ƙarin da kuɗinsa, ku riƙe shi da kyau, shi ne wanda zai gama muku aiki. Domin inda ba a yi haka ba, mun san yadda ake ƙarewa. Magana ta kai gaban liman ko mai unguwa, a tambayi me kuka yi da shi, kowa ya faɗi nasa, babu takarda babu shaida, dattawa su raba asara biyu don a zauna lafiya. Manhajar da aka kai rabi ta mutu a cikin kwamfuta, a koma kan tsohon littafi. Shekara ta zagayo, Alhaji ya ɗauki aikin ya kai wani kamfani a Akwa, su miƙo masa yarjejeniya da farashin kowane sauyi a jere, ya sa hannu ya biya ninkin abin da ɗan abokinsa ya nema. Matashi na gaba da zai yi sallama a shagon da kwamfutarsa a jaka, ko ya fi kowa iyawa, za a amsa masa gaisuwa, a tambayi lafiyar mahaifinsa, a ce masa an riga an ba wasu.